Suga ya sauka, to ina labarin ƙoda da zuciya?

Mai ciwon suga ba ya sa wa komai ido kamar lambar da 'yar na'urar awo ke nuna masa da sassafe. In ta nuna 110 ya yi hamdala ya karya kumallo cikin nishaɗi, in ta nuna 250 ranar ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Likitoci ma sun shafe shekaru masu yawa a kan wannan ma'auni: magani mai kyau shi ne wanda ya saukar da suga, wanda ya fi saukarwa shi ya fi kyau. Sai dai abin da ke kai yawancin masu wannan ciwo kabari ba lambar ba ce kai tsaye. Bugun zuciya ne, da shanyewar ɓarin jiki, da zuciyar da ta gaji ta kasa harba jini, da ƙodar da ta daina tacewa har aka koma wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Mutum zai iya riƙe sugansa daidai na tsawon shekara goma, ƙodarsa kuma tana lalacewa shiru ba ciwo ba zogi.

Shekarun 2007 da 2008 ne suka girgiza tsohon tunanin. A 2007 wani likitan zuciya na Amurka, Steven Nissen, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a kan rosiglitazone, maganin suga da ake sayarwa da sunan Avandia, ya nuna alamun cewa masu shansa sun fi fuskantar bugun zuciya, alhali yana saukar da suga yadda ake so. A shekarar da ta biyo aka dakatar da wani ɓangare na binciken ACCORD, wanda ya ƙunshi mutum 10,251 a Amurka da Kanada. An raba su gida biyu, aka matsa wa rukuni ɗaya da magunguna don a mayar da sugansu kusa da na lafiyayye, ɗaya rukunin aka bi shi a hankali. Mutum 257 suka rasu cikin waɗanda aka matsa wa, 203 cikin waɗanda aka sassauta wa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Daga nan hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce duk sabon maganin suga sai an gwada shi a kan dubban mutane an tabbatar ba ya cutar da zuciya.

Kada a ɗauka saukar da suga ba shi da amfani. Babban binciken Birtaniya na UKPDS, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya tabbatar cewa riƙe suga yana kare ido da jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini, kuma shi ya ɗaga darajar metformin har ya zama maganin farko kusan a ko'ina. Darasin 2008 dai shi ne hanyar da aka bi aka saukar da sugan tana da nata sakamakon, kuma dattijo mai tsohon ciwon zuciya ba a matsa masa kamar yadda za a matsa wa ɗan shekara 40 da aka gano ciwonsa jiya.

Kamfanoni sun shiga waɗannan gwaje-gwaje ne bisa tilas, burinsu kawai su nuna maganinsu ba ya kisa. Sai faɗuwa ta zo daidai da zama. A 2015 aka bayyana sakamakon EMPA-REG OUTCOME, inda aka gwada empagliflozin a kan mutum 7,020 masu ciwon suga da suka riga suka sami matsalar zuciya ko ta hanyoyin jini. Mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 38 cikin 100, kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ta ragu da kashi 35. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne bambancin ya fara bayyana cikin 'yan watanni, kuma sugan da maganin ya saukar bai taka kara ya karya ba. Ke nan wani aiki daban yake yi.

A ƙoda aikin yake. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan guda, kuma a yini ɗaya ƙodojin biyu suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga jini, sannan su mayar da kusan dukkansa jiki, abin da ya rage shi ne fitsari. A farkon bututun da ke bin kowace matata akwai wata ƙofa da ake kira SGLT2, aikinta ta janyo suga tare da gishiri ta mayar cikin jini. A jikin mai ciwon suga ƙofar tana aiki fiye da ƙima, don sugan ya yi yawa, sai ta kwashe gishiri mai yawa tare da shi. Can gaba a bututun akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ɗanɗana gishirin da ya iso gare su. Da suka ji ya yi kaɗan sai su ɗauka tacewa ce ta ragu, su sa a buɗe hanyar da ke kawo jini cikin matatar. Matsi ya ƙaru ke nan, dare da rana, shekara da shekaru. Duk matar da ta taɓa tace gasara ta san abin da ke faruwa da ƙyallen tata in kullum ana murɗe shi da ƙarfi: ramukansa su buɗe, dusa ta fara bi. Haka matatar ƙoda take fara zubar da furotin ɗin jini, wato albumin, cikin fitsari, daga baya ta yi tabo ta mutu. Magungunan da ke toshe ƙofar SGLT2, su empagliflozin da dapagliflozin da canagliflozin, suna barin suga da gishiri su wuce, masu ɗanɗanon su ji gishiri ya iso, a rage buɗin hanyar, matsi ya sauka. Ruwan da ke fita tare da su kuma yana rage wa zuciya kaya.

Tsofaffin magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan daga ɗaya gefen suke taimakawa, suna faɗaɗa hanyar da jini ke fita daga matatar. Tun 2001 aka tabbatar losartan da irbesartan suna jinkirta lalacewar ƙodar mai ciwon suga, kuma kusan shekara 18 ba a sami wani abin kirki da za a ɗora a kansu ba, sai a 2019 da binciken CREDENCE ya nuna canagliflozin ya rage haɗarin gazawar ƙoda da mutuwa da kashi 30 cikin 100 ga waɗanda tuni suke shan waɗancan. DAPA-CKD a 2020 da EMPA-KIDNEY a 2022 suka nuna amfanin ya shafi har masu ciwon ƙoda da ba su da suga sam. Akwai wani abu da ke tsorata marasa lafiya, har da wasu ma'aikatan lafiya: makonnin farko bayan an fara maganin, awon ƙarfin ƙoda yakan ɗan sauka. Matsin da aka rage ne ya bayyana a takarda, kuma a yawancin lokuta ba dalilin daina magani ba ne.

Wani dangin magungunan kuma daga hanji labarinsa ya faro. In mutum ya ci abinci hanjinsa yana sakin wani sinadari, GLP-1, mai sa jiki ya fitar da insulin daidai lokacin da ake buƙata, ya kuma gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Na jikin mutum cikin 'yan mintuna yake lalacewa. Wani likita a New York, John Eng, ya gano mai kama da shi kuma mai daɗewa a dafin wani ƙadangare na hamadar kudu maso yammacin Amurka, daga nan aka sami exenatide a 2005. Liraglutide, ɗan wannan dangi na GLP-1, a binciken LEADER na 2016, ya rage haɗuwar bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwar zuciya da kashi 13 cikin 100. Semaglutide, allurar mako-mako da aka fi sani da Ozempic, ta nuna a binciken FLOW na 2024 cewa tana kare ƙoda ma, da ragin kashi 24. Ga kuma finerenone, wanda ba ya taɓa suga ko kaɗan amma yana rage tabon ƙoda, aka tabbatar da shi a 2020.

To yanzu magunguna sun yi yawa a hannun likita, tambayar ta koma wane ne na wa. A ɗauki mutum uku a layi ɗaya na ganin likita, awon sugansu na wata uku iri ɗaya ne. Na farko dattijuwa ce mai kumburin ƙafa, in ta kwanta sai ta tara matasai don haki. Zuciyarta ce ta gaza, kuma ita dangin SGLT2 ne suka fi yi mata amfani, don su suka fi hana komawa gadon asibiti. Pioglitazone, mai arha kuma mai saukar da suga sosai, guba ne gare ta domin yana tara ruwa a jiki, haka saxagliptin, wani maganin suga, an ga ya ƙara kwanciya saboda gazawar zuciya a wani bincike na 2013. Na biyu ɗan kasuwa ne mai ƙiba da ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ya warware. Matsalarsa toshewar hanyoyin jini ce, dangin GLP-1 sun fi ƙarfi a nan, ga rage ƙiba, tare da maganin rage kitsen jini irin atorvastatin. Na uku malamin makaranta ne da ba ya jin komai, hawan jininsa ne kawai ya ɗan ɗaga, amma gwajin fitsari ya nuna albumin na zuba. Shi losartan ko ɗan'uwansa za a ba shi har iyakar abin da jikinsa zai ɗauka, a ɗora SGLT2, in zubar ta ci gaba a duba finerenone matuƙar sinadarin fotasiyam na jininsa bai hau ba. Lamba ɗaya, takardar magani uku. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai lissafin da tallan magani ba ya son a tsaya a kai. Kashi 38 ɗin nan na EMPA-REG, in aka fassara shi zuwa mutane, ma'anarsa cikin kowane mutum 100 kusan 6 suka mutu ta dalilin zuciya a rukunin da ba a ba maganin ba, kusan 4 a rukunin da aka ba, cikin shekara uku. Riba ce babba, amma ga mutanen da haɗarinsu ya riga ya yi sama. Da aka gwada dapagliflozin a kan mutum sama da 17,000 waɗanda yawancinsu ba su taɓa samun ciwon zuciya ba, ya rage gazawar zuciya amma bai nuna ragin bugun zuciya da shanyewar jiki a fili ba. Matashin da ƙodarsa lafiya lau, zuciyarsa ƙalau, in ya bar metformin ya koma magani mai tsada don ya ji ana yabonsa, kuɗinsa ya fi ribar da zai samu yawa. Wanda albumin ke zuba masa kuwa, ko da sugansa ya zauna daidai, yana buƙatar maganin. Shi ya sa jagororin ƙungiyoyin likitocin suga na Amurka da Turai, tun daga 2018 zuwa gyaran 2022, suka mayar da yanayin zuciya da ƙoda abin da ake fara dubawa kafin a zaɓi magani.

In aka ce magani daidai da jikin mutum, tunanin mutane yakan tafi ga gwajin ƙwayoyin gado da na'urori masu tsada. Akwai inda hakan ya yi aiki: jariran da aka haifa da wani nau'in suga na gado an iya sauya musu allurar insulin da ƙwayar sha bayan an gano inda matsalar take. Amma su 'yan kaɗan ne. A 2018 masu bincike na Jami'ar Lund a Suwidin, ƙarƙashin Leif Groop, suka raba masu ciwon suga na manya gida biyar, suka ga rukunin da jikinsu ya fi ƙin jin insulin sun fi kamuwa da ciwon ƙoda, waɗanda insulin ɗinsu ya yi ƙaranci sun fi samun matsalar ido. Abin ya ja hankali ƙwarai. Shekara guda bayan haka masu bincike na Jami'ar Exeter a Ingila suka nuna cewa bayanan da kowane asibiti ke iya samu, shekaru da nauyi da jinsi da ƙarfin ƙoda, suna hasashen wanda magani zai karɓa daidai da wancan rabon ko fiye. Su ne kuma suka yi gwajin TriMaster, inda mutum 525 kowannensu ya sha magani uku ɗaya bayan ɗaya, mako 16 kowane. Masu ƙiba sun fi amsa pioglitazone, masu ɗan raunin ƙoda sun fi amsa sitagliptin wajen saukar suga. Da aka tambayi mutanen wanne suka fi so, galibi sun zaɓi wanda ya fi yi musu aiki kuma bai dame su ba. A ganina wannan ne sashen da ya fi dacewa da mu, don ba ya buƙatar komai sai ma'auni, da ɗakin gwaji na talaka, da likitan da zai saurara.

Sai dai in za a kawo wannan ilimi ƙasar Hausa, dole a yi hattara, don ba a kanmu aka yi yawancin gwaje-gwajen ba. Baƙar fata a EMPA-REG kusan kashi 5 ne kacal cikin 100. Kuma mai ciwon suga a nan sau da yawa ba mai ƙiba ba ne. Za ka ga mutum siriri, ya ƙara ramewa, jikinsa ba ya samar da isasshen insulin. Irin wannan in aka ba shi maganin da ke zubar da suga ta fitsari, ko wanda ke kashe sha'awar abinci, ramewar za ta ƙaru, kuma yana iya faɗawa wani hali mai haɗari inda jini ke yin tsami, da amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, alhali na'urar awo tana nuna suga bai hau sosai ba. Wannan mutumin insulin yake buƙata, komai ƙin allurar da yake yi. Ga zafin watan Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda ma'auni ke haura 40, ga manomi ko ɗan acaɓa da ke yini a rana. Maganin da ke ƙara fitsari, in ya haɗu da na hawan jini mai sa fitsari, zai iya busar da mutum. Ranar da gudawa ko amai ko zazzaɓi mai zafi ya kama mutum har ya kasa ci da sha, ana dakatar da SGLT2 da metformin da su losartan na ɗan lokaci, kuma wannan bayani ne da ya kamata a yi wa mara lafiya tun ranar da aka rubuta masa maganin. Haka zancen ƙaiƙayin gaba, wanda sugan cikin fitsari ke jawowa musamman ga mata. Yana da sauƙin magani, amma kunya kan sa mace ta ajiye ƙwayar ba ta faɗa wa kowa ba.

Azumi ma yana cikin lissafin. Ba a so a fara SGLT2 ana gobe azumi, sai dai makonni kafin nan don a ga yadda jiki ya karɓa, kuma a lokacin buɗa baki ake shansa. Wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai likitoci suna ba shi shawarar ya ajiye azumin, kuma shari'a ta ba mara lafiya wannan rangwame. Maganin sugan da ya fi ba ni tsoro shi ne glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, domin yana da arha kuma kowane kemis akwai shi. Ƙoda ce ke fitar da ragowarsa daga jiki. In ta yi rauni sai ya taru, suga ya faɗi warwas, a tarar da tsoho cikin gumi ba ya gane mutane, a ce iska ce ko shanyewar jiki. Metformin shi ma ana rage shi in awon ƙarfin ƙoda, wanda ƙasa da 60 alamar rauni ce, ya sauka ƙasa da 45, a daina in ya gaza 30. Mutumin da aka rubuta wa magani shekara takwas da suka wuce, yake ta kai tsohon kwalin kemis ana ba shi irinsa, ƙodar da aka rubuta wa maganin ba ita ce a jikinsa yau ba.

Akwai abubuwa biyu da bincike a Afirka ya ƙara mana. A 2019 gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, ya nuna haɗin maganin hawan jini mai ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata. Don haka mai suga da hawan jini a nan, in albumin na zuba, losartan ko ɗan'uwansa na nan daram saboda ƙoda, amma da wuya ya isa shi kaɗai, amlodipine ake ɗora masa. Ba a haɗa lisinopril da losartan wuri ɗaya, kuma mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu. Na biyun shi ne awon suga na wata uku, HbA1c, da jajayen ƙwayoyin jini yake dogara. Mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, awon na iya yin ƙarya a kansa, kuma waɗannan ba baƙin abubuwa ba ne a garuruwanmu.

Kuɗi kuma shi ne alƙalin ƙarshe a yawancin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka dangin SGLT2 cikin jerin muhimman magunguna a 2021, kamfanonin Indiya kuma suna yin nasu samfurin dapagliflozin da empagliflozin mai rahusa, amma har yanzu sun fi metformin tsada nesa ba kusa ba ga mai saye daga aljihunsa. Allurar semaglutide ta fi ƙarfin yawancin mutane, tana son firiji, kuma an riga an kama jabunta a ƙasashe da dama. Likitan da ya rubuta abin da mara lafiya zai saya wata ɗaya ya kasa na biyu bai daidaita masa komai ba. In kuɗin magani ɗaya kawai za a iya ƙarawa a gida, sanin wanda ya fi buƙatarsa ya zama wajibi, kuma sau da yawa abin da zai fi ceton ƙodar ba saye ba ne, bari ne: diclofenac da ibuprofen da ake haɗiya kullum don ciwon gwiwa da ciwon baya, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Gwaji biyu ne ke buɗe duk wannan ƙofa. Na jini shi ne creatinine, wanda ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda da shi, ƙasa da 60 alamar rauni ce. Na fitsari shi ne awon albumin, daga miligiram 30 a kowane giram na creatinine an fara zuba, daga 300 zubar ta yi yawa. Na fitsarin yakan riga na jinin nuna matsala da shekaru, amma shi aka fi mantawa. Za ka ga mara lafiya da littafi cike da lambobin suga na safe da yamma, ba a taɓa auna albumin ɗinsa ko sau ɗaya ba. 'Yar takardar da ake tsomawa a fitsari ta yau da kullum ba ta kama ƙaramar zuba, kumfar fitsari kuwa sai abu ya yi nisa take bayyana. Mai ciwon suga na manya ana so a yi masa gwajin tun ranar da aka gano ciwon, domin galibi ciwon ya daɗe a jiki kafin a sani, sannan a maimaita duk shekara. In ya nuna zuba ana sake yi cikin wata uku zuwa shida kafin a yanke hukunci, saboda zazzaɓi, ciwon sanyin mafitsara, jinin al'ada ko aikin ƙarfi a ranar da ta gabata duk suna iya ɗaga shi na ɗan lokaci. Fitsarin farko na safe ya fi ba da sakamako mai inganci.